Zafi da Sanyi: Yadda Ilimin Ɗabi'u Huɗu Ya Taso daga Yunan Ya Sauka Gaɓar Binuwai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe a Garwa, ko Marwa, ko Ngaundare, ya saba jin ana auna mutane da ma'aunin zafi da sanyi. A ce wane mai zafin rai ne, wance mai sanyin hali ce. Yaro mai kazar-kazar a ce yana da zafin nama, mai nawa a ce yana da sanyin jiki. Mutum biyu in sun shaƙu, a ce jininsu ya haɗu. In kuwa ka zauna da dattawan da suka yi karatun zaure, za ka ji wasu kalmomi da ba a jin su a kasuwa: mizaji, safara'u, sauda'u, balgamu. Ilimin da ke bayan waɗannan kalmomi ya yi tafiyar shekara fiye da dubu biyu kafin ya iso gare mu. Sanin hanyar da ya biyo zai nuna mana abin da magabata suke nufi da shi, da kuma inda aka karkatar da shi har ya zama abin yanke wa mutum hukunci tun bai buɗe baki ba.

Mafarin magana a ƙasar Yunan

Wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aka haifi wani likita a tsibirin Kos, wanda littattafan Larabci ke kira Buƙuraɗu, Turawa kuma Hippocrates. Shi da almajiransa suka tafi a kan cewa jikin ɗan Adam yana tafiya ne da ruwaye huɗu. Akwai jini, mai zafi da danshi. Akwai safara'u, wato ruwan maɗaciya, mai zafi da bushewa. Akwai balgamu, wato majina, mai sanyi da danshi. Sai sauda'u, wani baƙin ruwa da suka danganta da saifa, mai sanyi da bushewa. Lafiya a wurinsu ita ce ruwayen nan su daidaita, cuta kuwa ita ce ɗaya ya rinjayi saura.

Bayan kusan shekara ɗari shida aka sami Jalinusu, wanda aka haifa a garin Fargamun, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 129 miladiyya, ya yi wa sarakunan Rum aikin likita. Shi ya tsara maganar, ya kuma rubuta cewa ƙarfin rai yana bin gaurayen jiki. Waɗanda suka zo bayansa suka faɗaɗa wannan batu har aka sami siffofi huɗu na mutane. Wanda jini ya rinjaya, mai fara'a ne, mai son jama'a, mai saurin mantuwa. Wanda safara'u ta rinjaya, mai himma ne da kaifin basira, amma kusa yake da fushi. Ma'abocin balgamu mai natsuwa ne da kawaici, sai dai ga nawa. Ma'abocin sauda'u mai zurfin ciki ne da dogon tunani, yana kuma da saurin shiga damuwa da zato.

Daga Bagadaza zuwa Alƙahira

A zamanin daular Abbasiyawa, wani likita Kirista mai suna Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, shi da ɗansa da almajiransa, suka juya yawancin littattafan Jalinusu zuwa Suryananci da Larabci a Bagadaza. Daga nan ilimin ya shiga hannun malaman Musulmi, suka tace shi suka ƙara. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya kammala babban littafinsa na likitanci, Alƙanun, a 1025, aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantar da shi daga Farisa har jami'o'in Turai.

A nan akwai abin da masu yaɗa maganar a yau suke tsallakewa. Jalinusu da Ibn Sina ba su kasa mizaji gida huɗu kawai ba, gida tara suka kasa shi: huɗu da siffa ɗaya ta rinjaya, huɗu da siffa biyu suka haɗu, da ɗaya madaidaici. Sun kuma ce mizaji yana juyawa da shekaru, yaro ya fi danshi, matashi ya fi zafi, tsoho ya karkata ga sanyi da bushewa. Yana juyawa da abinci, da barci, da iskar gari, da motsa jiki, da abin da ke damun zuciya. Likita yana neman sanin mizajin marar lafiya ne don ya san da me zai mayar da shi tsakiya, domin ƙa'idarsu ita ce ana magance abu da kishiyarsa. Ke nan sanin ɗabi'ar mutum a wurinsu matakin farko ne na aiki, akwai sauran tafiya a gaba.

Malaman hadisi ma sun ɗauki wannan ma'auni. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, da ya zo bayanin magungunan da suka zo a sunna, yakan ambaci ko abinci mai zafi ne ko mai sanyi, mai danshi ko busasshe, da wanda ya dace da shi. Ta irin waɗannan littattafai na maganin Annabi, da waɗanda ake jingina wa Imam Suyuɗi na Alƙahira, wanda ya rasu a 1505 kuma ya yi musayar wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas, alhazai da fatake suka ƙetaro da ilimin zuwa ƙasar Hausa da Barno.

Sakkwato, Yola, Garwa

Malaman jihadi ba su bar fannin lafiya a baya ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan, a kan abin da ke gyara addinin mutum da jikinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa risaloli a kan magani, har da ta ciwon ido da ta basir. Da Baturen Birtaniya Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa.

A wannan zamani ne Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, ya kafa mulkin Fombina, ya zauna a Yola a 1841, ya rasu a 1847. Garwa, wadda Modibbo Haman Njundi ya kafa a ƙasar Bata da Fali, tana cikin lamidocin da ke ƙarƙashin Yola. Bayan masu tuta sai fatake suka biyo, Hausawa da Barebari, masu neman hauren giwa da goro, masu kawo baƙin rini na Kano da kanwa da kayan fata. Tare da ayari kuwa kullum akwai malami da gafakarsa, da wanzami da zabirarsa. Malami yana riƙe da littafi, wanzami yana riƙe da ƙaho, kuma ƙaho shi ne wannan ilimi a aikace: fitar da jinin da ake ganin ya yi yawa ko ya lalace, don jiki ya koma daidai. Jamusawa sun ci Garwa da yaƙi a 1901, sojojin Ingila da Faransa suka karɓe ta daga hannunsu a watan Yuni na 1915, aka shata iyaka tsakaninta da Yola. Iyakar ba ta hana almajiri tafiya neman karatu ba, ba ta kuma hana littafi shigowa ba. Abin da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya shi ake karantawa a Hausare da Yelwa.

To, amma ba dukkan kayan ne suka sauka lafiya ba. Littattafan Yunan sun ɗaura kowane ruwa da lokacinsa na shekara, suka ba balgamu lokacin sanyi, domin a bakin tekunsu sanyi da ruwan sama tare suke zuwa. Mu kuwa sanyinmu na hunturu ne, mai fasa leɓe da diddige. Danshinmu na damina ne, lokacin da Binuwai ke cika, wanda a dā jiragen ruwa kan iso tashar Garwa. Zafinmu na bazara ne, watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40. Lokaci mai sanyi da danshi tare, irin wanda littafi ya siffanta, kusan babu shi a kalandarmu. A ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa jama'a suka riƙe zafi da sanyi, waɗanda dama harshenmu ya san su tun kafin zuwan littafi, suka bar wa malamai danshi da bushewa da sunayen Larabci.

Inda aka karkata

An karkatar da wannan ilimi ta hanya biyu, kuma dukkansu suna nan da rai a cikinmu.

Ta farko ita ce ta hisabi. Masanan dā sun haɗa ruwaye huɗu da asali huɗu: wuta, iska, ruwa da ƙasa. Masu duba suka ɗauki wannan, suka ce kowane harafi yana da ɗabi'arsa. Sai a lissafa sunan mutum da na mahaifiyarsa da lissafin abajada, a raba, abin da ya rage a ce shi ne ɗabi'arsa. Daga nan a ce saurayi wuta ne, yarinya ruwa ce, aure ba zai yi ƙarko ba. An fasa aure saboda wannan, an raba abokan ciniki, an kuma ɗaura auren da bai dace ba don lissafi ya ce iska tana hura wuta. Mai hankali ya duba: Ibn Sina yana taɓa jijiyar hannu, ya dubi launin fata, ya tambayi barci da cin abinci, kafin ya ce ga mizajin mutum. Mai hisabi ko ganin mutumin bai yi ba. Kuma Garwa cike take da masu suna Muhammadu waɗanda iyayensu mata A'ishatu ne, kowa da halinsa. Shehu Usmanu, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausan gargaɗi a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da taurari.

Ta biyu ta fi ta farko haɗari, ita ce ɗaukar ma'aunin mutum ɗaya a ɗora wa al'umma dungurungum. Ibn Khaldun, duk da girmansa a fannin tarihi, ya rubuta a Muƙaddima, wadda ya tsara a 1377, cewa zafin ƙasa ya sa baƙaƙen fata rawar kai da yawan annashuwa. Bayan kusan shekara ɗari huɗu, a 1758, masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya kasa 'yan Adam gida huɗu bisa wannan ma'auni. Ya ba Turawa jini, ya ba mutanen Asiya sauda'u, ya ba 'yan asalin Amurka safara'u, mutanen Afirka kuwa ya ba su balgamu, ya siffanta su da kasala. Ku lura da kyau. Ma'auni ɗaya ne, mutanen da ake aunawa su ɗin ne dai, amma wancan ya ce zafi ya yi mana yawa, wannan ya ce sanyi. Babu ɗayansu da ya taɓa zama a cikinmu. Abin da ma'aunin ya nuna shi ne zaton mai riƙe da shi. Irin wannan rabe-rabe ya zama makami a hannun masu cinikin bayi da 'yan mulkin mallaka, masu cewa wannan ƙabila ta mulki ce, waccan ta dako.

Mu da muke tsiraru a garin da ya tara Fulani, Fali, Bata, Barebari, Tupuri, Mundang, Gidar da 'yan'uwanmu na kudu, mun san ɗacin a ce ai Bahaushe haka yake, saboda laifin mutum ɗaya a kasuwa. Wanda ya san wannan ɗaci bai kamata a ji irin maganar a bakinsa game da wasu ba. Wasan barkwanci irin na Fulani da Barebari dabam ne, kowa ya san wasa ne, kuma zumunci yake ƙarawa. Abin gudu shi ne ranar da za a hana mutum aure, ko haya, ko amana, don an riga an yanke ɗabi'ar ƙabilarsa.

Ɗabi'a dabam, hali dabam

Kalmomin nan biyu duka daga Larabci muka aro su. Ɗabi'a tana da tushe ɗaya da buga hatimi, wato abin da aka halicci mutum a kansa. Hali kuwa a Larabci yana nufin yanayi mai juyawa. Abin mamaki, da ya shigo Hausa sai muka ce hali zanen dutse. Amma mu ɗin ne kuma muka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Kakanninmu sun ga ɓangarorin biyu, suka ajiye wa kowanne karin maganarsa.

Addini ya tabbatar da cewa akwai abin da ake haihuwar mutum da shi. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi shugaban tawagar Abdul Ƙaisi da haƙuri da rashin gaggawa, kuma a wata ruwaya, da ya tambaya, aka sanar da shi cewa a kansu aka halicce shi. Sayyidina Abubakar an san shi da taushi, Sayyidina Umar da tsanani, Allah ya yarda da su, kuma tarbiyya ɗaya ta ɗauke su ba tare da ta mayar da ɗaya ya zama ɗayan ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, kuma malaman jihadi suka sha daga Ihya'u ɗinsa, ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya sauyawa. Hujjarsa ita ce da haka ne, da wa'azi da nasiha sun zama aikin banza, alhali ko doki mai tutsu ana horar da shi. Ya buga misali da ƙwallon dabino: ba zai taɓa zama wata bishiya dabam ba, amma zamansa dabino mai 'ya'ya yana hannun mai ban ruwa. Ya kuma ce manufar tarbiyya ita ce a mayar da fushi da sha'awa tsakiya, domin wanda aka tumɓuke wa fushi gaba ɗaya ba zai kare gidansa ko gaskiya ba. Mai tarbiyya a wurinsa kamar likita ne, in ya ba kowa magani iri ɗaya, zai kashe mafi yawansu.

Ku dubi abin da Hausawa ke yabon mutum da shi. Baturen nan Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a lardin Adamawa, ya wallafa nazari a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa siffofi goma, ciki har da gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya da ladabi. Maƙwabtanmu Fulani, a cikin pulaaku, suna ambaton munyal, semteende da hakkiilo, wato haƙuri, kunya da hankali. Babu ɗaya cikin waɗannan da aka keɓe wa mai zafi ko mai sanyi. Kowa ana nemansu a wurinsa, sai dai kuɗin da kowa ke biya ya bambanta. Haƙuri yana yi wa mai zafin rai tsada. Mai sanyi kuwa, faɗin gaskiya a gaban babba shi ne dutsen da zai dafa.

Abin da binciken zamani ya bari da abin da ya zubar

Maganar ruwaye huɗu a matsayin bayanin jiki ta faɗi. Ibn Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, ya gyara Jalinusu a kan yadda jini ke ratsa huhu. William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jini a 1628. A ƙarni na 19 aka gano ƙwayoyin cuta, kuma babu likitan da ya taɓa samun sauda'u a jikin mutum. Don haka mai zazzaɓi ko shawara ya tafi asibiti a auna jininsa, kada ya tsaya lissafin zafi da sanyi.

Amma lurar da magabata suka yi, cewa ana haihuwar yara da bambancin ɗabi'a, ta tsaya da ƙafarta. A 1956 wasu likitoci biyu, miji da mata, Alexander Thomas da Stella Chess, suka fara bin rayuwar yara sama da ɗari a birnin New York tun suna jarirai har suka girma. Sun sami kashi 40 cikin ɗari masu sauƙin reno, kashi 10 masu rigima, kashi 15 masu ɗari-ɗari da baƙon abu sai a hankali su saba. Sauran kashi 35 ba su shiga kowane gida ba. Babban abin da suka gano shi ne makomar yaro ta fi rataya a kan dacewar ɗabi'arsa da irin renon da ya samu. Binciken tagwaye kuma ya nuna gado yana ɗaukar kusan rabin bambancin halaye, ko ƙasa da haka kaɗan.

Wani likita, Marten deVries, ya yi nazarin jariran Masai, makiyayan Kenya, a 1974, sai fari mai tsanani ya auku. Da ya koma, cikin 'yan kaɗan da ya iya ganowa, mafi yawan waɗanda suka rasu masu shiru ne, masu kukan kuwa sun fi tsira, ana jin don sun fi samun nono. Adadin yaran kaɗan ne, amma darasin babba ne: ɗabi'ar da ake kuka da ita a wani wuri ita ce garkuwa a wani.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, uban da ke da 'ya'ya biyu, ɗaya kamar garwashi ɗaya kamar randa, kada ya auna su da mudu ɗaya. Malamin allo ya san akwai almajirin da kallo ya ishe shi, akwai wanda tsawa ke rufe wa ƙwaƙwalwa. Dattawan da ke sulhu tsakanin ma'aurata ko 'yan kasuwa sun daɗe da sanin cewa mai zafi a bar shi ya fitar da abin da ke cikinsa kafin a yi masa nasiha, mai zurfin ciki kuwa a keɓe da shi, domin shirunsa a gaban jama'a ba yarda ba ce. Wanda kuma ya san kansa da saurin fushi, ba shi da hujjar cewa haka Allah ya yi ni. An koya mana mai fushi ya zauna in yana tsaye, ya yi shiru, ya yi alwala, kuma da babu magani da ba a faɗi waɗannan ba.

Allah ya kyautata halayenmu kamar yadda ya kyautata halittarmu, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da Garwa da Kamaru baki ɗaya lafiya. Allah shi ne mafi sani.